Silinda shida mai turbo ko silinda takwas babba: wanne ya kamata in ɗauka?

Baban_Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum, masana inji. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗi. Babbar mota nake son saya ta hannu, irin F-150 ta kamfanin Ford, kuma samfurin yana zuwa da inji iri biyu: V6, wato silinda shida, mai turbo biyu na lita 3.5, da V8, wato silinda takwas, marar turbo na lita 5.0. A takarda ƙarfin dokinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa na rasa inda zan kama.

Aikin da motar za ta yi shi ne zirga-zirgar cikin gari da gosulo a yawancin ranaku, doguwar tafiya da iyali da kaya lokaci-lokaci, sai jan tirela mai nauyin kusan tan biyu da rabi idan ta kama. Niyyata in riƙe ta shekaru masu yawa, ba in hau shekara biyu in sayar ba.

Da gaske ne ƙaramin ya fi tsimin mai, ko zancen 'yan talla ne? Turbo yana daɗewa kamar injin kansa? Kuma me zan duba a jikin kowanne kafin in biya? Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Bala ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da yadda injinan biyu ke samun ƙarfinsu, don daga nan ne duk sauran amsoshin suke fitowa.

Ƙarfin inji ya dogara ne da yawan iskar da zai iya shaƙa ya ƙona mai da ita. Man fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Inji mai bugu huɗu yana shaƙar iska daidai girmansa a kowane juyi biyu. Ke nan V8 na lita 5.0 da ke juyi 2,000 a minti, idan an buɗe masa totur gaba ɗaya, zai ja wajen lita 5,000 na iska a minti. V6 na lita 3.5 zai ja 3,500 ne kawai da kansa. Turbo shi ne zuga-zuginsa: hayaƙin da ke fita yana juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke kan sanda ɗaya, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Idan matsin ya kai bar ɗaya sama da na iskar waje, wato kusan ninki biyu nasa (bar ma'aunin matsi ne), injin lita 3.5 yana haɗiyar iskar da ta kusa ta injin lita 7. Na ce ta kusa ne saboda iskar da aka matse tana yin zafi ta rage kauri, shi ya sa ake bi da ita ta intakula a sanyaya kafin ta shiga silinda.

Ga abin da wannan ke haifarwa. A F-150 na 2021, injinan biyu duk doki 400 suke bayarwa. Amma ƙarfin murɗa, wato abin da kake ji yana tura ka a baya idan ka taka, wanda ake aunawa da Nm, na V6 Nm 678 ne a juyi 3,100, na V8 kuma Nm 556 a juyi 4,250. Wato ƙaramin ya fi babban ja, kuma yana ba ka tun inji bai tashi sosai ba. Haka abin yake a Toyota. Land Cruiser 200 mai V8 na lita 5.7 tana da doki 381 da Nm 544, Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 da V6 mai turbo biyu ta kai doki 409 da Nm 650, tun daga juyi 2,000. Duk wanda ya ce maka silinda shida ba za ta ja kaya ba, maganar tsofaffin injina yake yi.

Sai zancen mai, kuma nan ne ake yawan ruɗin mutane. Idan kana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya da gudu daidai, ba kaya, motar ba ta buƙatar ko kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin injinta. A wannan hali V8 yana aiki ne da totur kusan a rufe, fistin takwas suna ta wahalar zuƙar iska ta ƙaramar kafa, ga gogayyar ƙarin fistin biyu da bawul-bawul ɗinsu. V6 kuwa turbonsa yana hutawa, yana shan mai a matsayinsa na injin lita 3.5. A nan tsimin gaskiya ne.

Da zarar ka ɗora kaya ko ka cika taka totur, lissafi ya canza. Iska mai yawa mai mai yawa take ci, babu dabarar da ta kauce wa wannan. Ƙari a kan haka, idan turbo ya daɗe yana hurawa, zafin hayaƙi yana iya kusantar digiri 950, sai kwamfutar mota ta riƙa ƙara mai fiye da wanda za a ƙona, har rabon ya sauko wajen 12 ko 11 a kan 1, don kawai ta sanyaya fistin da turbo. Wannan man asara ne, ba ya zama tafiya. Shi ya sa da tirela a baya V6 mai turbo yakan sha daidai da V8, wani lokaci ma ya wuce shi.

A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, tsakanin 3.5 da 5.0 na F-150 bambancin ƙanƙani ne, wajen mil ɗaya a galan, a wasu shekarun ma kunnen doki suke yi. Inda aka ga babban bambanci shi ne Tundra ta Toyota, da ta tashi daga kusan lita 15.7 a kilomita 100 da tsohon V8 ta koma kusan 11.8 da sabon V6 a 2022. Amma a lura, giyarta ma ta tashi daga shida zuwa goma a lokaci guda, kuma wancan V8 tsohon ƙira ne tun 2007. Ba turbo kaɗai ya yi aikin ba.

A kan motar da ka ambata, kada tsimin mai ya zama dalilinka na zaɓe. Bambancin bai kai ya yanke hukunci ba.

Oga_Sifana ya rubuta:

Injiniya ya yi bayanin takarda, Allah ya ƙara sani. Ni zan yi maganar abin da ke lalacewa, tunda Malam ya ce riƙewa zai yi.

Sandar turbo tana juyi sama da 150,000 a minti, kuma ba a kan komai take zaune ba sai siririn baƙin mai. Gefe ɗaya nata yana cikin hayaƙi mai zafin da ke sa ƙarfe ya yi ja. Man da ke zuwa mata shi ne dai man injin, ta wani siririn bututu, wani ma da 'yar raga a bakinsa. Idan mai ya tsufa ko ba mai kyau ba ne, yana dahuwa a cikin bututun ya zama gawayi, hanya ta tsuke, sanda ta fara cin gidanta. Daga nan sai ka ji kuka kamar jiniya idan an taka, sai shuɗin hayaƙi, sai mota ta yi sanyi. Mafi yawan turbon da ke mutuwa da wuri ta wannan hanya suke mutuwa, ko kuma ta ƙurar da ta wuce matatar iska ta cinye fukafukan fanka. Wanda aka kula da mansa yana kai kilomita 200,000 ya wuce. Sai dai ka sa a ranka cewa a tsawon rayuwar motar wataƙila za ka canza su sau ɗaya, kuma biyu ne.

Saboda haka ga ƙa'idar mai turbo. Man roba zalla, wanda ake ce wa sintetik, mai kaurin da littafin mota ya faɗa, na wannan injin 5W-30 ne. A duba jikin galan a ga alamar ingancin mai ta API SP, ko aƙalla SN Plus. Wannan ba ado ba ne. Injin turbo mai fesa mai kai tsaye cikin silinda yana da wata cuta: idan yana juyi ƙasa-ƙasa aka taka shi da ƙarfi, ɗigon baƙin mai yana iya kama wuta kafin fulogi ya kunna, fistin yana hawa wuta tana danno shi. Bugu ɗaya irin wannan yana iya fasa gefen fistin inda ringi ke zama. An fito da SN Plus a 2018 da SP a 2020 ne musamman don a rage wannan. Kuma tunda gosulo zai fi yawa a aikinka, juye mai duk kilomita 5,000 zuwa 8,000, kada ka jira allon mota ya ce maka lokaci ya yi. Inji mai fesa kai tsaye yana sakin ɗan fetur ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, musamman a gajerun tafiye-tafiye da inji bai gama ɗaukar zafi ba.

Fulogi ma ba ɗaya ba ne. Mai turbo yana son tazarar baki ƙarama, wajen milimita 0.7 zuwa 0.8, don matsin cikin silinda yana hana tartsatsi tsallakawa. Idan bakin ya buɗe da tsufa, mota za ta yi lafiya a sulo, amma ka hau tudu a babbar giya ka taka, sai ta fara shure-shure. Mutane da yawa giya suke zargi, alhali fulogi ne ko kwayil.

Shekarar motar tana da muhimmanci ƙwarai. 3.5 na farko, daga 2011 zuwa 2016, fesa kai tsaye kaɗai yake yi, fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin shaƙa, sai datti ya taru ya yi ɓawo har sai an buɗe an kankare. An san shi kuma da miƙewar sarƙar taimin idan an yi sakaci da mai, na farko-farkon kuma ruwa yakan taru musu a intakula a yanayi mai laima, a taka da ƙarfi inji ya haɗiye shi ya yi tari. Daga 2017 aka ƙara nozul na biyu a bakin kowace silinda, matsalar dattin bawul ta ragu sosai, amma na 2017 zuwa 2020 sun yi suna da ƙarar giyar da ke sauya lokacin kamshaf, wadda ake ji da sanyin safiya. Gyaranta sai an buɗe gaban inji duka.

To kada a ɗauka V8 waliyyi ne. Na da, irin 4.7 da 5.7 na Toyota, su ne suka jawo masa sunan juriya, don ba su da tarkace da yawa. Na yanzu an cika su da dabarun tsimin mai. 5.0 na Ford daga 2018 zuwa 2020 an yi ta kuka da shan baƙin mai, har kamfanin ya fitar da takardar gyara a kai. 5.3 da 6.2 na GM, da Hemi 5.7 na motocin Ram, suna kashe wasu silinda idan ba a buƙatar ƙarfi, kuma 'yan ƙarafan da ke ɗaga bawul a waɗannan injinan sukan maƙale ko su ci kamshaf. Wannan aiki ne da sai an cire tof. Hemi ma fulogi 16 yake ci, biyu a kowace silinda. 5.0 daga 2021 shi ma yana kashe silinda.

Duk da haka, in ka buɗe bonet ka ƙirga, mai turbo yana da turbo biyu, ƙofar sakin hayaƙi biyu da abin da ke motsa su, intakula, tiyon iska masu matsi da kilif-kilif ɗinsu, bututun mai da na ruwa zuwa kowane turbo, da ƙarin sansa. Kowanne wuri ne da zai iya yoyo. V8 ba shi da ko ɗaya daga ciki, kuma yana yafe ɗan sakaci. Ga mai sayen ta hannu da bai san yadda na farko ya riƙe ta ba, ni V8 nake ba da shawara, sai fa idan mai turbon ya zo da takardun sabis cikakku.

Baban_Ummi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Oga, Allah ya bar zumunci. Abu ɗaya ya rage mini a nan. Ba kullum nake da tabbacin ingancin fetur ɗin da zan samu a hanya ba. Shin mai turbo dole sai fetur mai babban oktan? Idan aka zuba masa na kasafai, lalacewa zai yi ko ƙarfi ne kawai zai ragu?

Injiniya_Bala ya rubuta:

Tambaya mai kyau, kuma amsarta gida biyu ce.

Oktan ma'auni ne na yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya tashi da kansa ba. Injinan nan biyu an yarda su sha fetur na gama-gari, wato 87 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi daidai da wajen 91 a ma'aunin RON da yawancin ƙasashe ke amfani da shi. Kowanne yana da sansa a jikin bulok da ke sauraren ƙwanƙwasa. Da ta ji, sai kwamfuta ta jinkirta tartsatsin fulogi, a mai turbo kuma ta rage matsin iska. Ke nan da fetur mai ƙaramin oktan amma mai tsabta, abin da za ka rasa ƙarfi ne da ɗan tsimi. Littafin motar da kansa yana ba da shawarar babban oktan idan za a ja kaya ko ana tsananin zafi, kuma wannan shawara ta fi shafar mai turbo, don jinkirta tartsatsi yana ƙara zafin hayaƙi, zafin kuma a kan turbo yake sauka.

Kada ka zaci 5.0 ya tsira gaba ɗaya. Daga 2018 matsin cikin silindarsa 12 a kan 1 ne, ya fi na 3.5 da ke 10.5, shi ma yana jin bambancin fetur. Sai dai shi idan ya ja da baya, ya ja ke nan, ba shi da wani abu da ke ƙara cusa masa iska mai zafi.

Gida na biyu shi ne fetur mai datti, ko ruwa, ko wanda aka gauraya da wani abu. Wannan ya fi ƙaramin oktan haɗari nesa ba kusa ba. Fesa kai tsaye yana aiki da famfo mai matsin da ya haura bar 100, da nozul masu ƙofofi kamar bakin allura. Datti kaɗan ya isa ya sa nozul ɗaya ya rage feshi, silindar ta riƙa ƙona iska fiye da mai, ta yi zafi. A injin da ba turbo, galibi za ka ga wutar gargaɗi ka kai gyara. A mai turbo da ke cikin ja, tazarar da ke tsakanin gargaɗi da narkewar fistin gajeriya ce. Idan fetur ɗinka ba abin dogaro ba ne, wannan babban maki ne ga V8, kuma a cikin V8 ɗin ma wanda ke fesawa a bakin silinda kaɗai, kamar 5.0 na kafin 2018, ya fi haƙuri.

Idan ka ga wutar inji tana ƙyaftawa, ba tsayawa cak ba, ɗaga ƙafa nan take. Ƙyaftawa na nufin wata silinda ba ta ƙonawa, ɗanyen fetur yana gangarawa salansa yana dafa matatar hayaƙi.

Mai_Tirela ya rubuta:

Sallama gare ku. Da girmamawa ga Oga, ina ganin an ɗan danne wa mai turbo haƙƙinsa, musamman a wajen ja.

Tan biyu da rabi ba komai ba ne ga kowannensu. F-150 na 2021, idan an haɗa shi da kayan ja cikakku, an rubuta wa 3.5 har fam 14,000, wato wajen kilo 6,350, 5.0 kuma fam 13,000, wajen kilo 5,900. Bambancin yana ga yadda suke yin aikin. A hawan tudu da tirela, V6 zai riƙe babbar giya yana gurnani a juyi 2,500, kana hira da na gefenka. V8 sai ya sauko giya biyu ko uku, ya haura juyi 4,000 yana ihu. Ihun ba ya cutar da shi, don haka aka ƙera shi, amma awa uku a haka tana gajiyar da direba.

Ga kuma tsayin ƙasa, wanda ba wanda ya taɓo. Inji marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau, saboda iska tana raguwa. A tsayin mita 1,500, doki 400 sun koma wajen 340. Mai turbo sai ya ƙara juyin fankarsa ya cike mafi yawan giɓin. Wanda hanyarsa ta tsaunuka ce, magana ta ƙare, turbo zai ɗauka.

Inda nake ba V8 gaskiya biyu ne. Na farko gangara. Idan ka saki totur ka sauko da giya, girman inji ne ke riƙe mota, turbo ba ya taimakawa a nan. Lita 3.5 ba za ta riƙe kamar lita 5.0 ba, don haka birki zai fi shan wahala. Tirela mai wannan nauyi dole ta kasance da birkin kanta, kowane inji ka saya. Na biyu zafi. Intakula da yawa a gaban lagireto suke zaune, iskar da za ta sanyaya ruwan inji ta riga ta ɗauki zafi. A doguwar hawa cikin rana, a hankali, da kaya, za ka iya ganin allurar zafi ta motsa ko kwamfuta ta rage ƙarfi don kare inji. Maganinsa ka sauko da giya da hannunka, juyi ya tashi zuwa 3,000 ko 3,500. Famfon ruwa zai ƙara gudu, turbo ya rage hurawa, zafi ya sauka. A riƙa wanke fukafukan intakula da lagireto daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don ƙwari da ƙura suna toshe tsakaninsu inda ido ba ya gani.

Bayan irin wannan ja, kada a kashe inji da tsayawa. A bar shi a sulo minti ɗaya ko biyu mai ya zagaya ya kwashe zafin sanda. A tafiyar gari ta yau da kullum ba a buƙatar haka, turbon yanzu ruwa yana bi ta jikinsu.

Kuma Malam, kafin inji ka duba takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Nauyin da tirela ke dannawa a kan ƙugiya ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, wato kilo 250 zuwa 375 a tirelarka. Wannan yana cikin lodin da aka yarda motar ta ɗauka, tare da iyali da kayansu. Sau da yawa lodin ne ke cika kafin ƙarfin inji ya ƙare. Ka tambaya kuma ko tana da na'urar sanyaya man giya, da rabon giyar baya. Mai 3.55 ko 3.73 ta fi mai 3.31 daɗin ja, musamman da V8.

Oga_Sifana ya rubuta:

Mai_Tirela, ban musa ba, a wajen ja turbo ya yi gaba. Toyota ma da aka sani da taka-tsantsan ta koma can. Amma a tuna a 2024 ta kira Tundra da Lexus LX wajen 102,000 na 2022 da 2023 domin gyara saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage a cikin sabon V6 tun daga masana'anta yana cin metal ɗin karanshaf. Ba laifin turbo ba ne, amma inji mai matsi sosai ba ya ɗaukar irin wannan kuskure. Ram kuma ta cire Hemi a samfurin 2025 ta sa silinda shida a jere mai turbo biyu, sai ga shi ta dawo da Hemi a samfurin 2026 don masu saye sun nema. Kasuwar ma ba ta gama yanke hukunci ba.

Yanzu ga dubawa, Malam. Ka ce wa mai mota kada ya tayar da ita kafin ka zo, ka taɓa inji da hannunka ka tabbatar a sanyaye yake. Ka tsaya a gaba bonet a buɗe, wani ya tayar. Ƙarar kaca-kaca ta daƙiƙa biyu zuwa biyar daga gaban inji, taimin ne. Tik-tik da ke ɓacewa idan inji ya yi zafi, galibi bakin salansa ne ya lanƙwashe ko ƙusarsa ta karye. Tik-tik da ba ya ɓacewa a V8, ka ji tsoron abin ɗaga bawul da kamshaf. Ka zaga baya ka ga hayaƙi: fari da ke watsewa nan da nan tururi ne, shuɗi mai ne.

A mai turbo, a kwance tiyon da ke shiga bakin fanka. Fukafukan su kasance da kaifinsu, ba gutsure ba. Ka kama tsakiyar da yatsu biyu: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, muddin ba ta taɓa jikin gidan ba, amma gaba da baya bai kamata ka ji komai ba. A kwance tiyon ƙasan intakula. Ɗan maiƙo a jikin bango al'ada ce, mai da ke zuba kuwa turbo ne ke sakinsa ko numfashin inji ya toshe. Ka haska tocila a mahaɗar bututun ruwa da ke shiga turbo, busasshen tabo mai launi alamar yoyo ne.

A sa na'urar karanta kwamfuta. P0299 turbo ba ya kai matsin da ake nema, P0016 ko P0017 taimin ya goce, P0300 zuwa P0308 silinda ba ta ƙonawa. Idan ba lamba ko ɗaya, a duba ko gwaje-gwajen kwamfutar sun kammala. In da yawa suna cewa ba su shirya ba, goge lambobin aka yi kwanan nan. Gyaran feshin mai na dogon zango, wato yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa wanda na'urar ke nunawa, ya zauna cikin kashi 10 sama ko ƙasa. Motocin nan suna nuna awannin da inji ya yi a sulo, kuma ana ƙiyasta kowace awa da tafiyar kilomita 40 zuwa 50, don haka mota mai ƙarancin kilomita da dubban awannin sulo tsohuwa ce.

A gwada matsin silinda duka, tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Tunda an cire fulogi, a jera su bi da bi a kalla, wanda ya jiƙe da mai ko ya yi fari fat ya nuna maka silindar da za a leƙa da kyamarar bututu. A 5.0 na 2018 zuwa 2020, ka zaro sandar awon mai tun kafin a tayar, ka tambayi kilomita nawa aka yi tun juye na ƙarshe.

Sannan a hau hanya. Bayan inji ya ɗauki zafi, a babbar giya, juyi wajen 1,500 zuwa 2,000, ka taka rabin totur a ɗan tudu ka riƙe. Mai turbo lafiyayye zai tura ka sumul ba shure-shure, ba huci kamar taya na sacewa. In ka ji huci, wani tiyo ya fashe ko kilif ya saki, wannan gyara ne mai sauƙi, amma a gano wurin da gwajin hayaƙi kafin ka biya, don kada ya zama jikin intakula ne ya tsage.